Kwana 92 da Loop Habit Tracker: Sharhi a Kan Manhajar Bibiyar Burin Bazara

Duk shekara idan bazara ta ƙarato, mutane da yawa sukan zauna su jera abubuwan da suke son gamawa kafin ta shige. Wannan yana son ya karance littafin da ya shekara a kan teburinsa, wancan yana son ya rage teɓa, wata kuma tana son ta koyi wani harshe ko ta kammala rubutun da ta daɗe tana ɗagewa. Wannan ɗoki ba na banza ba ne, domin a shekarar 2014 Hengchen Dai da Katherine Milkman da Jason Riis sun wallafa binciken da ya nuna cewa mutane sun fi tasam ma burinsu a farkon mako ko wata ko shekara ko zangon karatu, wato a duk lokacin da suka ji kamar an share musu allo. Farkon bazara irin wannan lokaci ne a wurin mutane da yawa, musamman waɗanda suke samun dogon hutu a cikinta. Sai dai farawa ba ta taɓa gagarar kowa ba. Inda gizo ke saƙar shi ne mako na uku, lokacin da ɗoki ya kwanta, zafi ya hana sakat, baƙi da tafiye-tafiye kuma suka wargaza tsarin yini.

Na shafe bazarar da ta wuce ina bibiyar burina da manhajar Loop Habit Tracker, daga ranar 1 ga Yuni zuwa 31 ga Agusta, wato kwana 92, kamar yadda masu nazarin yanayi suke ƙidaya bazara a rabin duniya na arewa. Ra'ayina bayan waɗannan kwanaki shi ne manhajar ta ƙware ƙwarai wajen sa mutum ya riƙa komawa kan aikinsa kullum, amma ba ta da hanyar sanin ko aikin yana matsawa gaba, kuma duk wanda zai ɗauke ta ya kamata ya san wannan tun daga rana ta farko.

Álinson Xavier ne ya ƙirƙiri manhajar, ta kuma fito a shekarar 2016. Wayoyin Android kaɗai take yi wa aiki, ana samun ta a kantunan manhajoji na Google Play da F-Droid, kuma buɗaɗɗen tushe gare ta a ƙarƙashin lasisin GPL, ma'ana kowa yana iya duba yadda aka gina ta. Ba ta neman a yi rajista, ba ta nuna talla, ba ta kuma buƙatar intanet kafin ta yi aiki. Idan aka buɗe ta, abin da ake gani shi ne jerin ɗabi'un da mutum ya rubuta a gefe ɗaya, da guraben kwanakin baya-bayan nan a gabansu. Wanda ya saba da manhajoji masu ado da kaɗe-kaɗen taya murna zai iya ganin ta a bushe, amma ni wannan bushewar ce ta sa ban taɓa wuce minti ɗaya a cikinta ba a rana, kuma manhajar da aka ɗauka domin tattalin lokaci bai kamata ta zama mai cin lokacin ba.

Ɗabi'u iri biyu ake iya shigarwa. Akwai wadda amsarta e ko a'a ce, kamar ko mutum ya fita tattaki yau, akwai kuma wadda ake aunawa da adadi, kamar shafi nawa aka karanta ko minti nawa aka yi ana motsa jiki. A iri na biyu mutum yana iya cewa yana son ya kai aƙalla adadi kaza, ko kuma kada ya wuce adadi kaza, wanda ya dace da mai son rage wani abu, misali sa'o'in da yake ɓatawa a kan allon waya. Ana kuma zaɓar yawan maimaitawa: kullum, ko sau uku a mako, ko sau ɗaya a kowane kwana kaza. Idan ɗabi'ar ta sau uku a mako ce kuma mutum ya cika ukun, manhajar da kanta takan cike sauran ranakun da alama mai hasken launi, don kada ranar hutu ta fito kamar ranar sakaci. Wannan ƙaramin abu ne, amma yana nuna cewa wanda ya tsara ta ya san ba kowane buri ne ake bi kullum ba.

Abin da na raina da farko, daga baya kuma na gane darajarsa, shi ne gurbin tambaya. Kowace ɗabi'a tana da suna, tana kuma da tambayar da mutum zai rubuta wa kansa da harshen da ya ga dama, wadda za ta bayyana a lokacin tunatarwa. Da farko na rubuta «Ka yi karatu yau?», sai na ga kusan kowace amsa tana iya zama e, ko da sakin layi biyu na duba a tsaitsaye. Da na mayar da ita «Ka karanta shafi 15 bayan ka tashi, kafin ka taɓa waya?», sai hanyar yi wa kai wayo ta toshe. Masanin halayyar ɗan Adam Peter Gollwitzer ya yi bayani a shekarar 1999 cewa niyyar da aka ɗaure ta da lokaci da wuri, wato mutum ya ce idan kaza ta faru zan yi kaza, ta fi niyyar da aka bari sakaka kaiwa ga aiki. Manhajar ba ta koyar da wannan, ba ta ma ambace shi ba, amma gurbin tambayar da zaɓin sa'ar tunatarwa da ranakun mako sun ishi mai son ya yi aiki da shi.

Yanzu sai babban abin da ya bambanta ta da takwarorinta, wato yadda take lissafa maki. Yawancin manhajoji irin wannan suna dogara ne da sarƙar kwanaki: ka yi kwana 40 a jere, ka yi fashin rana ɗaya, ƙidayar ta koma sifiri. Loop ma tana nuna sarƙoƙi mafi tsawo da mutum ya yi, amma ba su ne a gaba ba. A gaba akwai makin ƙarfin ɗabi'a, daga sifiri zuwa kashi 100, wanda ake lissafawa ta hanyar haɗa duk ranakun da suka wuce, amma ranakun kusa sun fi na nesa nauyi. Ga ɗabi'ar kullum da ba a yi mata fashi ba, makin yana kai kashi 50 a cikin kwana 13, kusan kashi 80 bayan wata ɗaya, 96 bayan wata biyu, da 99 bayan wata uku. Wato dai tsawon bazara guda kusan shi ne daidai lokacin da makin yake buƙata kafin ya cika, abin da ya sa na ga manhajar ta dace da burin wata uku fiye da burin shekara, inda makin zai daɗe da cika ya daina ba mutum wani labari.

Amfanin wannan lissafi yana fitowa ne a ranar da aka yi fashi. Wanda yake da kashi 80, idan ya rasa rana ɗaya, makinsa yana sauka zuwa wajen 76, kuma kwana uku ko huɗu na aiki za su mayar da shi inda yake. Idan mako guda cur ya rasa, zai sauka zuwa wajen 55, sannan sai ya yi kusan mako biyu kafin ya farfaɗo. Ke nan hukuncin yana daidai da girman laifin: fashin rana ɗaya ba ya rusa aikin wata, amma fashin mako yana barin tabon da ake gani a jadawali. A bazara, inda babu makawa sai an yi tafiya ko an karɓi baƙi ko an kwana ba barci saboda zafi, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Na san kaina sarai. Da ƙidayata ta koma sifiri a tsakiyar Yuli, da na ce shi ke nan sai baɗi, domin wanda ya ga aikin kwana 40 ya shafe a dare ɗaya ba kasafai yake samun ƙarfin gwiwar sake ɗaukar tubali na farko ba.

Kuma wannan afuwa ba lallashi ba ce kawai, tana da madogara. Phillippa Lally da abokan aikinta na jami'ar UCL da ke Landan sun bi mutum 96 na tsawon mako 12, kowa ya zaɓi sabuwar ɗabi'ar da zai riƙa yi kullum, suka wallafa sakamakon a mujallar European Journal of Social Psychology a shekarar 2010. Sun samu cewa tsaka-tsakin lokacin da ɗabi'a take ɗauka kafin ta zama jiki kwana 66 ne, amma tazarar ta kama daga kwana 18 har zuwa 254, kuma rasa rana ɗaya bai yi wa tafiyar wata illa ta a zo a gani ba. Sun kuma ga cewa sabo yana hawa da sauri a farko, sannan ya riƙa lafawa, siffar da ta yi kama da yadda makin Loop yake hawa. Batun da ake yawan faɗa kuwa cewa kwana 21 sun isa ɗabi'a ta zama jiki, asalinsa maganar wani likitan tiyatar gyaran jiki ce, Maxwell Maltz, wanda ya rubuta a shekarar 1960 cewa marasa lafiyarsa sukan ɗauki aƙalla kimanin kwana 21 kafin su saba da sabuwar kamarsu. Kalmar «aƙalla» ta faɗi a hanya, adadin ya rage, mutane kuma suka riƙa zargin kansu idan mako uku ya cika ba su ji ɗabi'ar ta zauna ba.

Akwai abubuwa biyu a cikin saituna da ya kamata mai burin bazara ya kunna tun da wuri. Na farko shi ne damar tsallake rana, wadda take barin makin yadda yake ba ragi ba ƙari, don ranakun rashin lafiya ko doguwar tafiya. Na biyu shi ne jinkirta shigowar sabuwar rana har ƙarfe 3 na dare, domin a lokacin zafi mutane da yawa sukan mayar da ayyukansu dare, kuma wanda ya gama karatunsa da ƙarfe ɗaya bai kamata a rubuta masa shi a washegari ba. Damar tsallakewar dai takobi ce mai kaifi biyu, tunda babu mai tambayar mutum dalili. Ni na kafa wa kaina ƙa'ida cewa ba zan yi amfani da ita ba sai na rubuta dalilin a gurbin bayanin ranar, kuma sau da dama kunyar rubuta «kasala» ce ta sa na tashi na yi aikin.

Kuskurena na farko nawa ne, ba na manhajar ba. Da yake shigar da ɗabi'a ba ya ɗaukar rabin minti, kuma babu iyaka ga yawan da ake iya sakawa, sai na jera tara a daren farko: karatu, tattaki, haddar kalmomin harshen da nake koyo, rubutu, kwanciya da wuri, da wasu huɗu da yanzu ma sai na yi tunani kafin na tuna su. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, balle tara. Kafin mako na uku ya ƙare na ga cewa ina cika masu sauƙin ne don in ga alamomi sun yi yawa, ina barin masu nauyin. Na adana biyar a gefe, wanda manhajar take ba da dama a yi ba tare da an goge tarihinsu ba, na tsaya a kan huɗu. Daga nan ne fuskar manhajar ta fara gaya mini gaskiya.

Inda iyakarta take kuwa, shi ne abin da na fi son mai karatu ya lura da shi. Buri iri biyu ne. Akwai wanda shi kansa maimaitawa ne, kamar tattakin minti 30 a kullum, wanda idan an yi shi an gama. Akwai kuma wanda yake da ƙarshe, kamar kammala rubutu mai babi shida ko shirya wa jarrabawa, wanda maimaitawar hanya ce kawai zuwa gare shi. Loop an gina ta ne domin iri na farko. Ba ta da gurbin ranar ƙarshe, ba ta da matakai, ba ta da hanyar rarraba babban aiki zuwa ƙanana, kuma ba ta yi alƙawarin tana da su ba. Burina mafi girma na bazarar shi ne in gama daftarin wani dogon rubutu, sai na mayar da shi ɗabi'ar «zama kan rubutu minti 40». A ƙarshen Yuli makin wannan ɗabi'a ya haura kashi 90, ina ta jin daɗi, amma da na ƙirga abin da ke ƙasa sai na tarar babi biyu kawai na gama, domin yawancin zaman na yi shi ne ina gyara babi na farko ina sake gyarawa. Na halarci aiki kullum, aikin kuwa yana nan inda yake. Manhajar ta amsa tambayar da na yi mata daidai. Ni ne na yi tambayar da ba ita ba.

Edwin Locke da Gary Latham, waɗanda suka shafe shekaru suna nazarin yadda buri yake shafar ƙwazo, sun nuna cewa buri takamaimai mai ɗan wuya ya fi «yi iya ƙoƙarinka» haifar da sakamako, kuma yana buƙatar mutum ya riƙa ganin nisan da ya rage masa. Wannan nisan ne Loop ba ta nunawa. Masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky kuma tun a 1979 suka bayyana yadda mutane suke raina lokacin da aiki zai ci, ko da sun sha ganin irin aikin ya wuce yadda suka zata. Wanda ya haɗa wannan hali da maki mai kyan gani zai iya kai wa tsakiyar Agusta yana ganin komai lafiya. Gyaran da na yi iri biyu ne. Na mayar da ɗabi'ar daga minti zuwa adadin sababbin kalmomi, 400 a rana, yadda gyaran tsohon rubutu ba zai shiga lissafi ba. Sannan na ɗauki takarda guda na rubuta babi shida da ranar da ya kamata kowanne ya ƙare, na manna ta inda nake zama, na kuma ƙara ɗabi'a ɗaya ta mako-mako a manhajar, mai tambayar ko na duba takardar. Wanda ya fi son komai ya kasance a waya zai iya haɗa Loop da manhajar jerin ayyuka irin su Todoist ko Google Tasks, waɗanda suke da ranakun ƙarshe, amma ni takardar ta wadatar da ni.

Jadawalan da ke cikin shafin kowace ɗabi'a suna da yawa: na hawan maki, na tarihi, kalanda, sarƙoƙi mafi tsawo, da na yawan maimaitawa bisa ranakun mako. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi yi mini amfani, domin shi ya nuna mini cewa kusan duk fashin tattakina a ranakun ƙarshen mako yake faɗawa, lokacin da babu wani abu da yake tilasta mini tashi da wuri. Da na mayar da tunatarwar waɗannan ranaku zuwa yamma, sai gibin ya ragu. Sauran jadawalan suna da kyan kallo, amma ban ga sun canza mini wata shawara ba. Ƙananan tagogin da ake ɗorawa a fuskar waya kuwa suna da amfani sosai, tunda ana iya sa alamar rana ba tare da an buɗe manhajar ba.

Rashin dogaro da intanet yana da fuska biyu. Bayanan mutum suna zaune a wayarsa, ba a aika su ko'ina, wanda abin so ne idan aka tuna cewa jerin ɗabi'un mutum yana tona barcinsa da lafiyarsa da rauninsa. Amma hakan yana nufin babu daidaita bayanai tsakanin waya da kwamfuta ko tsakanin wayoyi biyu, kuma alhakin adana kwafi yana wuyan mai wayar. Manhajar tana ba da damar fitar da cikakken kwafin ajiya da za a iya mayarwa a wata wayar, da kuma fayil ɗin CSV da ake buɗewa a manhajar lissafi ga mai son ya yi nazarin kansa. Bazara lokacin tafiye-tafiye ce, lokacin da wayoyi suke faɗawa ruwa ko su ɓace, don haka fitar da kwafi sau ɗaya a mako ba ɓata lokaci ba ne. Haka kuma babu abokai a cikinta, babu gasa, babu wanda zai ga ko ka yi ko ba ka yi ba. Wanda ba ya motsawa sai da idon jama'a zai ga wannan a matsayin rashi, kuma gaskiyarsa ne. Irin wannan mutum gara ya nemi aboki na zahiri da za su riƙa tambayar juna a ƙarshen mako. Masu iPhone kuma sai su nemi wata, domin wannan ba tasu ba ce.

Ga wanda burinsa na bazara maimaitawa ne, kamar motsa jiki ko karatun kullum ko haddar kalmomi ko gyara lokacin barci, ina ba da shawarar Loop ba tare da wani ɗar ba, da sharaɗin kada ya wuce ɗabi'a uku ko huɗu, ya kuma ɓata lokaci wajen tsara tambayar kowacce yadda ba za ta karɓi amsar wayo ba. Ga wanda burinsa yake da ƙarshe, manhajar rabin kayan aiki ce, kuma sai ya tanadi ɗaya rabin da kansa. A ranar 31 ga Agusta tattakina da karatuna sun zauna har na daina jiran tunatarwa, haddar kalmomi ta tsaya a tsaka-tsaki saboda fashin da na yi mata a makonnin tafiya, rubutun kuma ya kai babi biyar cikin shida, uku daga cikinsu a watan ƙarshe kaɗai, bayan na canza tambayar. Babi na shida na gama shi a mako na biyu na Satumba, kuma har yanzu ɗabi'ar kalmomi 400 tana nan a saman jerin, ban adana ta a gefe ba.